A Bar Kunne Ya Yi Wa Nahawu Jagora

Sau da yawa akan sami ɗalibin da ya haddace dokokin nahawun Turanci tsaf, amma da zarar an ce ya tayar da jimla sai ka ji ya ce “Audu he went”. Wannan ɗalibi ba daƙiƙi ba ne. Hausarsa ce ta yi masa jagora, domin a Hausa tilas ne zagin aikatau ya biyo bayan suna, shi ya sa muke cewa “Audu ya tafi”. A ganina maganin wannan ciwo yana ga kunne, kuma makarantunmu sun yi sake da shi.

Masanin harsuna Joseph Greenberg, wanda ya yi bincike a ƙasar Kano a 1938 zuwa 1939, ya kasa harsunan duniya a 1963 bisa yadda suke jera kalmomi. A wannan ma'auni Hausa da Turanci gidansu ɗaya: aikau, sai aikatau, sannan karɓau. Saɓanin yana cikin ƙananan abubuwa. Mu mukan ce “awaki uku”, su kuwa adadi suke fara kawowa, su ce “three goats”. Mu “littafin Musa”, su “Musa's book”. Bahaushe na iya yin tambaya ta hanyar sauya karin murya kawai, amma Bature yakan juya jerin kalmomin, “you are coming” ta koma “are you coming?” Mai magana ba shi da sararin tuno irin waɗannan dokoki ɗaya bayan ɗaya. Sai dai kunnensa ya riga ya saba da su.

Kimiyya ta goyi bayan haka. A 1996 Jenny Saffran da abokan aikinta a Jami'ar Rochester ta Amurka sun nuna cewa jarirai 'yan wata 8, bayan sauraren minti 2 kacal na wani ƙagaggen harshe, sun iya gane gaɓoɓin da ke yawan tafiya tare. Wato ƙwaƙwalwa tana lissafin abin da ke bin wani, ko mai ita bai sani ba. Haka kowannenmu ya koyi Hausa tun kafin ya ji kalmar nahawu.

Wani zai ce ai ɗan sakandare ba jariri ba ne, kuma jarrabawa da alƙalami ake yin ta. Gaskiya ne, saurare kaɗai ba ya wadatarwa, kuma ba cewa nake a jefar da littafin nahawu ba. Abin da nake cewa shi ne a gyara jerin: a ji tukuna, sannan a bayyana doka. Dokar da ta tarar da misalai ɗari a kunnen yaro ta fi zama daram bisa wadda aka rubuta a allo kawai. Sa'annan kada maganar da za a saurara ta fi ƙarfin yaro. Wannan dalili ne ya sa Muryar Amurka ta ɓullo da shirin sassauƙan Turanci a 1959, mai amfani da kalmomi kimanin 1,500, ana karantawa sannu a hankali.

Saboda haka ina kira ga malamai da su ware minti 10 a kowane darasi. A kunna gajeren labari a rediyo ko waya har sau uku. Karo na farko a nemi ma'ana, na biyu a yi shifta, na uku ɗalibai su maimaita da babbar murya. Bayan nan a kwatanta jimlolin da takwarorinsu na Hausa, a ga inda suka rabu. Inda babu na'ura, muryar malam ta isa.

Ku kuma ɗalibai, kada ku jira sai an sa ku. Sauraren kwata ɗaya kullum ya fi na awa uku ranar Lahadi, domin da yau da gobe ake gina harshe. Icce kuwa tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.