Wasiƙa a Buɗe ga Ma'aikatan Jinya na Cibiyoyin Tamowa



Iyaye na tambayarku game da garin furobayotik, ƙwayoyin halitta masu rai da ake cewa suna gyara hanjin yaro. Shawarata ita ce ku riƙe shi a matsayin ƙari kawai, kada ya ci gurbin abinci. Ba a musun cewa tamowa na da alaƙa da ƙwayoyin hanji. A 2013 masu bincike sun ɗebi ƙwayoyin hanjin tagwaye 'yan Malawi suka sa wa ɓeraye, sai ɓerayen da suka karɓi na masu kwashoko suka rame da aka ba su abinci marar gina jiki. Amma gano inda matsala take ba ya nufin an sami maganinta. A asibitin Queen Elizabeth da ke Blantyre an gwada yara 795, aka cakuɗa wa wasu furobayotik a abincin gyaɗa na jinya, sakamakon da ya fito a 2009 kuwa bai nuna sun fi sauran warkewa ba.

Wani zai ce ai wani gwaji da aka yi a Kampala ya nuna amfani. Gaskiya ne, cikin yara 400 an ga raguwar kwanakin gudawa bayan sallama, sai dai ba a ga bambanci ba lokacin da suke kwance a asibiti, wato daidai sa'adda gudawa ta fi haɗari. Kuma nau'i biyu takamaimai aka gwada, don haka ba za a jingina sakamakon ga kowane gari da ke kan kanta a kemis ba, balle wanda ya sha zafin Afrilu. Wani kuma zai ce ko bai yi amfani ba, ai ba ya cutarwa. Yaron da garkuwar jikinsa ta raunana ba a ba shi ƙwaya mai rai da ka, sannan kuɗin da uwa ta kashe a kan garin na ƙwai da wake ne.

Darasi mafi ƙarfi daga Bangaladash ya zo. A Dhaka, cibiyar icddr,b da Jami'ar Washington ta St. Louis sun haɗa abinci da gyaɗa, waken soya, ɗanyar ayaba da wani waken ƙasar, domin ciyar da ƙwayoyin kirki da ke cikin hanjin tun asali. Rahoton 2021 ya nuna yara masu matsakaiciyar tamowa sun fi ƙara nauyi da shi fiye da abincin da aka saba bayarwa. Iri ba ya tsiro a ƙasar da ba ta da taki.

Saboda haka ku nace kan shayar da nono, cinye abincin jinya ba tare da an raba wa yayye ba, ruwa mai tsabta da rigakafi. In likita ya rubuta furobayotik, ku duba nau'insa da ranar lalacewarsa, ku rubuta abin da kuka gani a katin yaron.