A Kawo Mana Yis Ajin Kimiyya



Kowa ya san yis, tunda da shi ake kwaɓa burodi da fanke. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne yis halitta ce mai rai, ƙwaya ɗaya tak, wadda ido ba ya gani. A ra'ayina ya kamata a riƙa koyar da mu kimiyya da shi, domin yana nuna cewa a cikin mai rai rubutu da gogewa tare suke tafiya.

A cibiyar ƙwayar yis akwai DNA mai ɗauke da ƙwayoyin gado kusan 6,000. A 1996 masana suka gama karanta shi baki ɗaya. DNA kamar babban littafi ne da ba a fita da shi daga ofis. Idan ƙwayar tana buƙatar wani furotin, sai wani sinadari mai suna RNA folimares II ya kwafo shafin da ake so. Wannan kwafi shi ne mRNA, wato ɗan saƙo. Yakan fita daga cibiya, a karanta shi, a haɗa furotin.

Saƙon ba ya daɗewa. Da yawansu mintoci kawai suke yi. Akan fara datse musu wutsiya, a cire musu hula, sannan wani sinadari mai suna Xrn1 ya cinye su tun daga kai.

Wani zai ce ai wannan ɓarna ce, a wahala a rubuta kuma a goge. To mu dubi allon ajinmu. Da manita ba ya goge shi, ina malamin Hausa zai yi rubutu bayan malamin lissafi ya fita? Haka yis yake. In suga ya ƙare ko zafi ya ƙaru, dole ya kawar da tsofaffin saƙonni ya kwafo sababbi da sauri.

Ga inda abin ya fi ban mamaki. A 2012 da 2013, Patrick Cramer da abokan aikinsa a birnin Munik na Jamus sun duba yis ɗin da aka rage wa saurin kwafa. Sai suka ga gogewar ma ta rage sauri. Da aka rage gogewa, kwafar ma ta ja baya. Saboda haka yawan saƙonnin bai canja sosai ba. Amma da aka cire Xrn1, wannan daidaito ya lalace.

A Haifa ta Isra'ila kuma, su Mordechai Choder sun nuna cewa Xrn1 yana komawa cibiya ya taimaka a fara sabon kwafi. Sun kuma gano cewa ɓangarori biyu na mai kwafar, Rpb4 da Rpb7, suna raka saƙon waje, suna sa hannu wajen goge shi. Ke nan mai dasta yana taya rubutu, mai alli yana taya gogewa.

Me ya shafe mu? Ƙwayoyin jikinmu ma suna da irin wannan folimares da Xrn1. Da yis Roger Kornberg na Amurka ya yi binciken da ya ba shi lambar yabo ta Nobel a 2006.

Na san makarantarmu ba ta da na'urar ganin mRNA. Amma farawa ba ya buƙatar kuɗi mai yawa: ƙullin yis, suga, ruwan ɗumi, kwalba da balan-balan. A zuba su a kwalba, a rufe bakinta da balan-balan, za a ga yana kumbura da iskar da yis ke fitarwa. Wanda ya ga wannan da idonsa, bayanin saƙonni ba zai zame masa hadda kawai ba.

Ina roƙon malamanmu na kimiyya su ba mu darasi ɗaya a gwada. Mu 'yan kulob ɗin jarida za mu rubuta abin da aka gani mu liƙa a wannan bango.

Daga ɗalibar JSS 2