Sabon katin hoto, tsohon maki: kafin ka koma ma mai kanti da faɗa

A wannan mako filin namu zai tsaya bisa wata magana da ta kusa raba aminai biyu, ɗaya mai shagon haɗa bidiyon biki da suna, ɗayan kuma ɗan kasuwa mai saida kayan ordinatar. Mai shagon ya tara jika 80 ya sayi katin hoto, wanda masu gyara ke ce ma kart garafik, domin tsohuwar na'urarsa mai Windows 7 ta bar yin nawa. Da aka ɗaura katin sai ya buɗe shafin da Windows ke ba na'ura maki, ya tarar da 4,6 ɗin da ya sani tun da, ko gezau bai yi ba. Nan take ya yanke hukunci cewa an cuce shi, kuma ba don wani dattijo ya ce a fara duba na'urar ba, da maganar ta kai kwamisariya.

Shi dai wannan maki kamfanin Microsoft ne ya shigo da shi cikin Windows Vista, inda yake tashi daga 1,0 zuwa 5,9. A Windows 7, wadda ta fito a 2009, an ɗaga rufin zuwa 7,9, sannan a Windows 8 ta 2012 ya kai 9,9. Abubuwa biyar ake aunawa: furosesa, da RAM, da hoton yau da kullum, da hoton wasanni, da kuma diskin da Windows ke zaune bisa kansa. Kowane da nasa maki. Amma babban lambar da ke bayyana a gefe, wadda ita kaɗai mutane ke kallo, ba matsakaicin biyar ɗin ba ce kamar yadda mushe ke lissafa ma ɗan lakkol a ƙarshen shekara. Mafi ƙanƙanta daga cikinsu ake ɗauka. Ayarin gishiri ne, tafiyar gurgun raƙumi yake yi, ko da na gaba ya fi kowa ƙafa.

Abu na farko da aka gano ga na'urar mutumin namu shi ne ba a sake awon ba ko kaɗan. Windows ba ta sake gwaji nan take don an sauya kati, tsohon sakamako take riƙewa, sai a danna wurin da aka rubuta « Réexécuter l'évaluation ». Aka danna, aka jira ƴan mintoci, sai makin ya faɗo 1,0. To, a nan ne fa idon mai shago ya yi ja.

Dalilin wannan faɗuwa ba ya da wuyar ganewa. Kowane kati yana bukatar pilot, wato ɗan shirin da ke koya ma Windows yadda za ta yi magana da shi. In babu shi, Windows na ɗaukar katin jika 80 tamkar wani tsohon katin da ba ya da suna. Ana gane haka cikin « Gestionnaire de périphériques »: in ka ga an rubuta « Carte graphique VGA standard » maimakon sunan katinka, ba ka fara cin moriyar kuɗinka ba tukuna. A ɗauko pilot daga shafin kamfanin da ya ƙera, Nvidia ko AMD, a sa shi, a kashe na'ura a tada. Faifan da ke zuwa cikin kwali sau da yawa ya tsufa. A kuma leƙa bayan akwati, domin na sha ganin wanda ya sayi sabon kati amma ya bar igiyar ekran a tsohon ramin kart mer.

Da aka gama wannan, makin hoto biyu suka haye 7. Babban lamba kuwa ya tsaya a 5,9, kuma nan zai tsaya ko da an sa katin miliyan, domin a Windows 7 diski mai juyawa da wuya ya wuce 5,9. Gurgun raƙumin ya canza, da katin hoto ne, yanzu diski ne. Maganinsa SSD, wanda ba ya da abin da ke juyawa cikinsa.

Kada dai a ce na wanke ƴan kasuwa gaba ɗaya. Katunan jabu suna nan, kuma sanannen misali shi ne tsohon GTS 450 na 2010 da ake sake ma suna a saida shi a matsayin GTX 1050 Ti na 2016. Windows kanta tana yarda da ƙaryar, sunan jabun take nunawa. Akwai ƙaramin shiri na kyauta mai suna GPU-Z wanda ke tona irin wannan asiri, kuma shawarata ga mai saye ita ce a gwada katin da shi cikin kanti, gaban mai kaya, kafin kuɗi su canza hannu. Shi ma ɗan kasuwar ya kamata ya yi haka tun wajen sari, don sau da yawa shi aka fara cuta.

Sai maganar wuta, wadda ta fi shafar mu. Ramin da ake soka kati ba ya ba da abin da ya wuce wat 75. Katin da ke bukatar fiye da haka yana da nasa ramin igiya, mai haƙora 6 da ke ƙara wat 75, ko mai haƙora 8 da ke ƙara 150. Tsoffin na'urorin biro da ake kawo mana daga Turai ƙaramin akwatin wuta gare su, ba a yi su don ɗaukar babban kati ba, shi ya sa wata kan mutu ko ta sake tashi a tsakiyar awo. Ƙara da ƙurar hunturu da ke toshe fanka da zafin watan Afrilu: kati in ya ji zafi ya kan rage gudu don kansa domin kada ya ƙone, sai makin ya sauka. Busa ƙura ba ya cin ko dala.

Masu Windows 10 da 11 za su nemi wannan shafi su rasa, domin an cire shi tun Windows 8.1 a 2013. Awon dai yana nan ɓoye, ana tada shi da rubuta winsat formal cikin baƙar tagar umurni da izinin mai kula da na'ura. Sai dai a can makin wasanni 9,9 yake ba kowa, mai kati da marar kati, don haka bai isa shaida a gaban kowa ba. Ita kuwa Windows 7, Microsoft ta daina kula da ita tun 14 ga Janairu 2020, abin da ya kamata mai ajiye aikin mutane cikinta ya yi tunani a kai.

Ni a ganina agogo ya fi wannan maki gaskiya. Ka ɗauki bidiyo guda, ka auna mintocin da na'ura ke ci wajen fitar da shi kafin sauyi da bayan sauyi. Wani shirin haɗa bidiyo ma ba ya taɓa katin sai an buɗe mashi hanya cikin saituna, in ba haka ba furosesa ke ɗaukar kayan duka. Ga ma'aikacin da aikinsa bai wuce Word da Excel ba kuwa, sa katin hoto cikin takardar odar sarushi ɓarnar kuɗin gwamnati ce kawai. SSD da ƙarin RAM su ne za su sa na'urarsa ta tashi kafin ya gama gaisawa da abokan biro.

Mai shagon ya koma wurin amininsa da yamma, ya ba shi haƙuri, kuma labarin da ya zo mani shi ne suna can suna cinikin SSD, ba su daidaita bisa farashi ba har yanzu. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.