Daga Langa Langa Zuwa Mayo Ranewo: Ina Sunayen Mamatanmu?

Layin dogo bai taɓa isowa Jalingo ba. Iyayenmu da suka hau jirgin ƙasa sai da suka yi tattaki zuwa Makurɗi ko Gombe. Duk da haka, ranar 16 ga Fabrairu ta cancanci mu ma mu riƙa tunawa da ita.

A wannan rana ta shekarar 1970, wata guda bayan kammala yaƙin basasa, jirgin ƙasa maƙare da matafiyan Babbar Sallah ya kauce daga kan layinsa a Langa Langa, cikin Jihar Nasarawa ta yanzu, taragai suka gangara cikin kwazazzabo. Wasu rahotanni sun ce kimanin mutum 150 suka rasu. Ka tambayi ɗalibin jami'a a yau inda Langa Langa take, da wuya ka sami amsa.

A garin Eschede na ƙasar Jamus, inda jirgin ƙasa ya hallaka mutum 101 ranar 3 ga Yunin 1998, an dasa bishiyoyi 101 a gefen layin, aka rubuta sunan kowane mamaci a jikin bango. Mu kuwa, harin da aka kai wa jirgin Abuja zuwa Kaduna ranar 28 ga Maris, 2022 ma ya fara dusashewa a zukata.

Na san abin da malamaina za su ce: addini bai yarda da gumaka ba, kuma addu'a ce ke amfanar mamaci. Gaskiya ne, ni ma ban nemi a sassaƙa mutum-mutumi ba. Amma rijiya, ko ɗakin shan magani, ko inuwar darbejiya a wurin da abin ya faru sadaka ce mai gudana. Rubuta sunaye a jikinta kuwa shaida ce da ke hana hukuma cewa ba ta sani ba.

A nan ne maganar ta iso gida. Jirginmu a Taraba na ruwa ne. A watan Oktoban 2023 kwalekwale ɗauke da 'yan kasuwa ya kife a Kogin Binuwai bayan tashinsa daga Mayo Ranewo, a ƙaramar hukumar Arɗo Kola. Aka yi ta saɓani a kan adadin waɗanda ke ciki. Wanda ba a rubuta sunansa yana raye ba, ta yaya za a rubuta shi bayan ya nutse?

Saboda haka ina kira ga Majalisar Dokokin Jihar Taraba da Masarautar Muri su fara da abin da bai fi ƙarfinsu ba. A ajiye littafin rajistar fasinja a kowace tashar kwalekwale. A bi ƙauyukan bakin kogi a tattara sunayen waɗanda suka rasu a 2023 daga bakin iyalansu, tun masu anguwa suna iya lissafa su. Sannan a kafa allon sunayen a bakin ruwan Mayo Ranewo, daidai inda ake lodin fasinja ranar kasuwa.