Kafin a nemi bizar London, a leƙa gidan tarihi na Jos

Hausawa sun ce tafiya mabuɗin ilimi, kuma ma'aikatan gwamnatin tarayya ba su yi wa wannan karin magana rowa ba. Duk shekara manyan daraktoci da hadimansu kan karɓi kuɗin guzuri su nufi taro a Alƙahira ko Paris ko London, su ɗauki hoto a gindin dalar Giza, su dawo da tsarabar turare da ƙananan gumakan roba. Abin takaici, da yawansu ba su taɓa taka gidan adana kayan tarihi na Jos ba, alhali tafiyar 'yan sa'o'i ce a mota daga Abuja.

Bernard Fagg ne ya kafa wannan gida a shekarar 1952, kuma haƙar kuza ce ta haife shi. A 1928 masu haƙa suka tono wani kan mutum-mutumi na gasasshen yumɓu kusa da ƙauyen Nok, a kudancin jihar Kaduna ta yau. A 1943 aka sami wani a yankin Jama'a, wanda aka kafa a gonar doya don korar tsuntsaye kafin ya isa hannun Fagg. Daga nan duniya ta san al'ummar Nok, wadda binciken Jami'ar Goethe ta Frankfurt ya nuna ta faro kimanin shekara 1500 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Murahun narka ƙarfenta kuwa an tono su a Taruga, ba nisa da Abuja.

A harabar gidan akwai zauren tukwane daga sassan ƙasar nan, da tsofaffin rubuce-rubucen Larabci, da kuma filin gine-ginen gargajiya inda aka kwaikwayi ganuwar Kano da masallacin Juma'a na Zariya, aikin Babban Gwani Muhammadu Durugu. Wanda ya tsaya ƙarƙashin bakan gizon wannan masallaci zai san cewa magina Hausawa sun ɗaga rufi mai faɗi da ƙasa da azara tun kafin siminti ya iso. Sai dai ginin ƙasa yana son yaɓe duk shekara, ruwan Jos kuma ba ya wasa. Damina ɗaya da aka yi sakaci tana iya cinye aikin shekaru goma.

A nan ne maganar ta shafi mutanen Abuja kai tsaye. Gidan yana ƙarƙashin Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1979, kuma kasafinta a teburorin ma'aikatu ake tsara shi. Jami'in da bai taɓa ganin katangar da ruwa ke zaizaya ba, da wuya ya kare kuɗin gyaranta ranar da aka zo rage kasafi. Gani ya kori ji.

Akwai kuma batun mutunci. A 2002 Faransa ta amince cewa gumakan Nok da ta baje a Louvre mallakar Najeriya ne, aka bar mata su aro na shekara 25. A 2022 Jamus ta fara mayar da tagullan Benin. Hujjar da masu riƙe kayan suka daɗe suna kafawa ita ce babu wurin ajiya nagari a gida. Kowane rufi da ke yoyo a Jos ƙarfi yake ƙara wa wannan hujja.

Wasu za su ce tsaro ne ya hana su zuwa, kuma rikice-rikicen 2001 da 2008 da 2010 ba tatsuniya ba ne. Babbar kasuwar Taminus da ta ƙone a 2002 ma an shafe sama da shekara ashirin ana alkawarin sake gina ta. Amma ƙaurace wa gari ba ya warkar da shi. Baƙon da ya kwana a masauki, ya sayi tukunya da dankalin Turawa a hannun mai sana'a, ya taimaki zaman lafiya fiye da wanda ya aiko da saƙon jaje.

Don haka ya kamata ma'aikatu su riƙa kai wasu tarukan bitarsu Jos, a ware rabin yini na zagaya gidan tarihin, a kuma sanya kuɗin yaɓe na dindindin a kasafi. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.