Lafiya Uwar Jiki: Danƙon da ke taimaka wa likita gane ciwon dajin yara

Kamar yadda bulo ba ya zama gini sai da siminti, haka ƙwayoyin halittar jikinmu ke buƙatar abin da zai manne su da juna. Ɗaya daga cikin irin wannan danƙo shi ne furotin da likitoci ke kira NCAM ko CD56. Tun jariri na ciki yake taimaka wa ƙwayoyin ƙwaƙwalwa da jijiyoyi su haɗu, kowace ta zauna a mazauninta.

To, ina ruwanki da shi? Wasu nau'o'in ciwon daji suna ɗauke da wannan furotin a bayan ƙwayoyinsu. Daga ciki akwai biyu da suka fi kama yara 'yan ƙasa da shekara 5: dajin ƙoda mai suna Wilms, da niyuroblastoma, wanda yakan tsiro a ƙullin da ke saman ƙoda. A wasu lokuta wani sinadari mai kama da sukari yakan lulluɓe furotin ɗin, danƙonsa ya ragu, ƙwayoyin cutar su samu sauƙin ɓallewa zuwa wani sashen jiki.

Amma yana da amfaninsa. Idan likita ya ɗebi ɗan tsokar ƙullutu, a ɗakin gwaji ana neman CD56 tare da wasu alamomi, don a san ainihin nau'in dajin. Kowane nau'i da maganinsa, shi ya sa wannan gwaji ba abin gudu ba ne. Maganar da ake yi cewa daji ba ya son allura ta sa iyaye da yawa jinkiri har lokaci ya ƙure, alhali a ƙasashen da ake kama dajin Wilms da wuri, kusan yara 9 cikin 10 suna rayuwa.

Sau da yawa uwa ce ke fara jin ƙullutun a lokacin wanka. Idan kin ji tauri ko kumburi a cikin yaronki, ko kin ga jini a fitsarinsa, kada ki ce saifa ce ki tsaya jiƙe-jiƙe, kada kuma ki riƙa matsa wurin. Ki kai shi asibiti a yi masa hoton ciki.

Mai tambaya ta rubuto a ƙasa. Allah Ya raya mana zuri'a.