Filin Mata: Yaron Da Ba Ya Cin Tuwo

Maganar yau ta taso ne daga wani gida da ke bayan namu a nan Ƙofar Nassarawa. Na nemi izinin mai maganar kafin in rubuta, amma ba zan kama sunanta ba.

Ranar wata Asabar da hantsi ina wanki sai ga ta ta yi sallama, idanunta sun yi ja. Na shimfiɗa mata tabarma muka gaisa. Ta ce, "Malama, ke da kika yi karatun koyar da yara, don Allah ki gaya mini yadda zan yi da yaron nan." Ɗan farinta ne, shi ya sa ba ta faɗin sunansa. Shekararsa biyar. Abincinsa a duniya uku ne: farar shinkafa ba mai ba miya, da ƙanzon tukunya, da wani biskit iri ɗaya tak. Kadan aka ɗauko tuwo da miyar kuka sai ya toshe hanci, ya kama kakarin amai tun kwanon bai iso gabansa ba. Surukarta ta ce sangarta ce, a bar shi, yunwa za ta koya masa hankali. Aka bar shi. Ya yi kwana biyu bai sa komai a baki ba sai ruwa. A rana ta uku aka danne shi aka yi masa ɗurar koko, ya ƙware, daren nan kuwa bai yi barci ba don tari.

Na san yaron. Ba ya yawan magana, ba ya son haɗa ido da mutum, yakan wuni yana jera marafan kwalba a gindin bango, in an tada injin markaɗe kuwa sai ya toshe kunnuwa ya ruga ɗaki. Tun bara likita ya gaya wa iyayensa cewa yana da abin da ake kira otizim, wanda wasu ke sa shi cikin galahanga. Abin da ba a bayyana musu ba shi ne ƙin cin abincin nan ma daga can yake.

Wannan ba sabon abu ba ne. A shekarar 1943 wani likita a Amurka mai suna Leo Kanner ya rubuta bayanin yara 11 masu wannan hali, ya kuwa ambaci cewa da dama daga cikinsu sun ba iyayensu wahala wajen ciyarwa tun suna jarirai. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin yaro 1 cikin 100 na da shi. Watau in kika ƙirga yaran makarantar allo biyu ko uku na unguwarku, da wuya a rasa ɗaya. An daɗe a Turai ana ɗora wa uwaye laifi, wai rashin nuna ƙauna ne ke jawo shi. Masana sun yi watsi da wannan magana tuntuni, haka kuma zancen wai allurar rigakafi ce ke kawo shi, an bincika an ga ƙarya ne. Saboda haka, ke uwa, ki sauke wannan kaya daga kanki.

To, me ya sa yake ƙin abinci? Ku tuna lokacin da kuke laulayin ciki. Akwai wadda ƙanshin albasa a mai kaɗai zai fitar da ita daga madafa, alhali kuwa da ita ce mai son sa. Ko an yi mata faɗa, ko an ce ta daure, ba za ta iya ba. Yawancin yaran nan haka hancinsu da harshensu da fatar bakinsu suke, kuma nasu laulayin ba ya wucewa da wata uku. Warin daddawa da mu muke ji kamar ƙamshi, shi yana jin sa ninki ba ninki. Yauƙin kuɓewa da na karkashi yana tada masa zuciya. Gudaji ɗaya a cikin koko ya isa ya sa ya ture kofin. Dafa-duka kuwa, da komai ya cakuɗe a cikinta, ita ce ya fi tsoro, domin bai san abin da lomar gaba za ta kawo ba. Biskit fa? Na yau da na jiya da na gobe duk ɗaya ne, launi ɗaya, ƙaras-ƙaras ɗaya. Mangwaro kuwa yau zaƙi gobe tsami. Da na gane wannan sai na daina ganin taurin kai a cikin al'amarin. Likitoci ma tun 2013 suka sa matsanancin ƙin abinci irin wannan cikin jerin lalurorin da ake dubawa a asibiti.

Bari in tsaya a kan ɗura, don ita ce ta fi damuna. Na sani iyayenmu sun yi mana, mun kuma rayu. Amma yaron da aka toshe wa hanci yana kuka, koko kan bi ta hanyar numfashi ya faɗa huhu, daga nan sai ciwon haƙarƙari, wani lokaci har a rasa rai. Wanda ya tsira kuma ya koyi abu ɗaya, watau kwano da hannun uwarsa abin gudu ne. Horon yunwa ma haka. Yaro mai sangarta zai ci in yunwa ta kai masa karo, amma irin wannan yaro yana iya rama har ya kwanta bai ci ba.

Ga abin da muka shirya da ita. Na farko, kada a hana shi abincin da ya yarda da shi, don shi ne igiyar da ke riƙe da shi. Aka ware masa kwanonsa shi kaɗai, aka daina tilasta masa sa hannu a tire ɗaya da sauran yara, aka sa masa lokaci da wurin zama da ba su canzawa, nesa da murhu da rediyo. Sa'an nan muka dubi abin da yake so, muka ga duk busasshe ne mai ƙaras-ƙaras. Sai muka ce a bi ta wannan hanya: daga ƙanzo zuwa gasasshen gefen gurasa, daga nan zuwa ƙuli-ƙuli, zuwa ƙosai da awara da aka soya suka bushe sosai. Ana ajiye sabon abu ɗan mitsitsi a wani faranti dabam kusa da nasa, ba a ce masa ci. Ya kalla yau, ya taɓa jibi, ya shinshina wani mako, duk ci gaba ne. Ko yaro mai ƙoshin lafiya yakan ga sabon abinci sau 10 ko 15 kafin ya karɓa, balle shi.

Abu ɗaya na hana ta. Ta so ta riƙa ɓoye garin zogale a cikin shinkafarsa. Na ce, "A'a Yaya, in ya gane ya ƙi shinkafar fa, me ya rage mana?"

Amma kada wata ta ɗauka dabarar gida ta isa. Lalle a kai yaro asibiti a auna nauyinsa, a duba haƙoransa da cikinsa, don sau da yawa taurin bayan gida ko ciwon haƙori ne ke ƙara masa ƙin ci, shi kuwa ba ya iya faɗa. Muna da Asibitin Yara na Hasiya Bayero a nan cikin gari, da Asibitin Murtala, da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. In kika ga cikin idonsa ya yi fari, ko dasashinsa na jini, ko yana dundumi da magariba, ko ƙafafunsa sun kumbura, ko yana cin ƙasa da gawayi, kada ki jira gobe. Alamu ne na cewa jikinsa ya rasa wasu sinadarai, likita ne kuma zai faɗi irin ƙarin da za a ba shi. Addu'a kuwa a ci gaba da yi, ba ta hana zuwa asibiti.

Surukar ce ta fi wuyar sha'ani. Ni yarinya ce a gabanta, ba zan je in koya mata reno ba. Sai na roƙi Innata ta je, suka zauna su biyu, ta kawo mata misalin laulayin nan. Hajiya ba ta ce ta yarda ba, amma tun ranar ba a sake yi masa ɗura ba.

Yau mako bakwai ke nan. Har yanzu bai taɓa tuwo ba, ban kuma yi wa uwarsa alkawarin zai taɓa ba. Yana cin ƙuli-ƙuli, shekaranjiya kuma ta leƙo ta katanga ta ce mini ya gutsuri ƙosai ya haɗiye rabinsa. Duk wadda ke da yaro irin wannan ta rubuto mini abin da nata yake ci da wanda yake ƙi, mu tattauna a mako mai zuwa in Allah ya kai mu.